Yadda munka sayo wa ƙanena mashin ɗinsa na farko a Birnin Kebbi, da kuɗaɗen da sunka ɓullo bayan an sallama

Abin ya faru ne a watan Disamba na 2024 bayan an gama yankan shinkafa, kuma har yau in wani ya kira ni ya ce nawa kunka sayo mashin ɗin yaron nan sai in ɗan yi shiru, don farashi uku ne, akwai wanda anka faɗa mana a bakin shago, akwai wanda anka rubuto mana a takarda, akwai kuma wanda ya fita daga aljihunmu. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya karanta ya huta da kirana.

Ƙanena manomi ne a wani ƙauye da ke gefen Argungu, shekarunsa 26, mata ɗaya da ɗa ɗaya, yana shinkafa a fadama rani da damina. Ya iya tuƙi tun yana yaro amma bai taɓa mallakar ko keke mai kyau ba, kullum aro, yau na maƙwabci gobe na aboki, in zai kai taki gona ko ya ɗauko fetur na injin ban ruwa sai ya jira mai mashin ya gama uzurinsa tukuna, kuma kun san aron mashin tun da fetur ya yi tsada ya zama abin jin kunya, sai ka zuba mai ka kuma yi godiya kamar an ba ka kyauta. To a wannan shekarar ta 2024 Allah ya ba shi, ya sayar da shanshera, ya haɗa da raguna biyu, Inna ta ƙara masa da kwasar adashenta, kuɗi ya tashi naira miliyan 1 da dubu 300 cif. Niyyarsa safe gona, yamma kabu-kabu cikin Argungu. Ya turo mani kuɗin a asusuna don nasa ƙaramin asusu ne ba ya ɗaukar irin wannan kuɗi, ku riƙe wannan maganar don za ta dawo.

Ba mu ɓata lokaci kan wane iri za a saya ba. Akwai TVS, akwai Haojue, akwai Honda, kowanne da masoyansa kuma ba na kushe ko ɗaya, amma mutumin ƙauye da zai ɗora buhu biyu ya bi hanyar fadama, Bajaj Boxer mai siisii 100 ya nufa tun daga gida, dalili kuwa kowane bakanike a kowane ƙauye ya san cikinsa, kayan gyaransa ko a kasuwar ƙauye ana samu, kuma ranar da ka matsu ka ce za ka sayar ba ka kwana ba ka samu mai saye ba. Wani ya kawo mana maganar na hannu, na ce a'a, wanda bai taɓa riƙe mashin ba bai san kukan inji mai ciwo ba. Wani kuma ya zo da maganar a ba shi ya riƙa biyan balas kullum har ya mallaka, da munka buga lissafin shekara sai ga shi ya haura kuɗin sabo da kusan rabi, ga shi ran da ka kasa biya na sati biyu mai shi na iya zuwa ya ɗauke abinsa. Tunda kuɗi na hannu, sabo a kwali kawai.

Ni nawa mashin ɗin a 2021 na saye shi, bai kai dubu 400 ba. Abin da ya faru tsakani kowa ya sani, an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, wata mai zuwa anka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, su kuma mashinan nan daga Indiya ake shigo da su a wawware sai an zo nan a haɗa, to duk motsin dala a jikinsu yake sauka. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka dila ne ya ninka kuɗin don son rai. Asalin farashin ba hannunsa yake ba sosai, ribarsa a kan kan mashin ba ta da yawa yadda mutane ke zato, kuma a ganina wannan ne ya sa wasu daga cikinsu ke neman cikon ribar ta wasu ƙananan ƙofofi.

Kwana biyu kafin mu je na kira wani shago da na taɓa hulɗa da su, yaron shagon ya ce mani miliyan 1 da dubu 180, na ce da me da me, ya ce da haɗi da man inji da rasit da hular kwano, ka hau ka tafi, lamba ce kawai babu. Na rubuta a bayan wata takarda na sa a aljihu. Wallahi wannan 'yar takardar ita ta cece mu.

Ranar ya taso daga Argungu da sassafe, tafiyar kamar awa guda ce a mota, na tarbe shi a tasha. Kafin in iso ashe har wani dillali ya riga ya kama shi, ban san yadda suke gane mai kuɗi a jiki ba, ko don yadda yake ta dafa aljihu alhali babu komai ciki sai waya. Ina zuwa mutumin ya miƙo hannu, ranka ya daɗe ai kai ne yayan, ku zo in kai ku inda babu mai karya shi a garin ga, miliyan ɗaya da ɗari da hamsin, wanga farashi ko Legas ba ka samun shi. Ƙanena ya dube ni ido na ƙyalli, Yaya ka ji fa, ragin dubu talatin. Ni ma gaskiya raina ya biya. Na ce mu je mu gani, kallo ai ba saye ba ne.

Shagon babba ne, kwalaye jibge har sama, an jera haɗaɗɗu guda shida a waje, baƙi da ja da shuɗi. Alhajin mai shagon dattijo ne mai fara'a, ya sa anka kawo mana benci da ruwan leda. Na taya miliyan 1 da dubu 100 ya ce albarka, na ƙara ashirin ya ce albarka, ya ce ɗana in na rage maka ko dubu biyar to daga uwar kuɗi na cire. Mun kai kusan rabin awa a haka bai motsa ba, ni kuma a raina na san ko a haka ya fi wancan sauƙi, sai na ce to Alhaji mun saya, ya ce na sallama Allah ya sa albarka, munka yi musabaha. Kuskurena na farko ke nan, kuma babba, na karɓi sallama ban tambayi da me da me ba, tambayar da na yi wa yaron wancan shagon a waya ban yi wa Alhaji ba don ina ganin na ci riba.

Ƙanena ya nuna baƙi, anka jawo kwali, yara biyu sunka fara kwancewa. Sai da anka farke kwalin anka zazzage kaya a ƙasa sannan akawun shagon ya miƙo mani wata takarda ya ce ga jimla. Kan mashin 1,150,000. Haɗi 25,000. Man inji da ɗan fetur na tashi 12,000. Rasit da takardun kamfani 10,000. Hular kwano 8,000. La'adar dillali 20,000. Lamba da takardun gwamnati, wai su za su yi mana mu dawo bayan sati biyu, 60,000. Jimla 1,285,000.

Ku duba da kyau. Yaron da ya zo da miliyan 1 da dubu 300, in ya biya wannan saura dubu 15 a hannunsa, a lokacin da litar fetur ta haura naira dubu, bai yi rajistar ƙungiyar 'yan kabu-kabu ba, bai sayi ko kwaɗon ɗaure mashin ba. Kuma in ka cire kuɗin lamba don a yi adalci a kwatance, wannan shagon mai araha ya tashi 1,225,000, wancan mai tsada 1,180,000, wato arahar dubu 30 ta koma tsadar dubu 45. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lokacin da anka zaɓa a miƙo takardar, bayan an farke kwali, don sun san mutumin kirki ba zai ga an zube kaya a ƙasa saboda shi ba ya ce ya fasa. Ƙanena har ya fara raɗa mani Yaya mu biya kawai kada mu ji kunya. Na ce masa ka zauna ka sha ruwanka, ko sisi bai fita daga waya ba tukuna.

Ban ɗaga murya ba, kuma ina ba duk wanda ya samu kansa a irin wannan shawara kada ya ɗaga, dattijo a gaban yaransa in ka kunyata shi ko da asara zai yi ba zai sauko ba. Na koma kusa da shi na zauna na fito da 'yar takardata na ce Alhaji ga abin da anka faɗa mani shekaranjiya a wani shago, ni ban zo in ɓata maka ciniki ba kuma mun riga mun yi musabaha, amma ni abin da na saya mashin ne mai tafiya, ban sayi kwali ba, mu bi takardar nan layi layi ka nuna mani wanne ne naka wanne ne na gwamnati wanne ne na yara.

Rasit munka fara da shi don shi ne mafi rauni. Na ce Alhaji ko buhun siminti na saya ai ana ba ni rasit ba a ce in biya, takardun kamfani kuma a cikin kwalin sunka zo ga su can a leda. Ya yi dariya ya ce wa akawu soke wannan. Dubu 10 ta tafi a minti ɗaya, wanda ya nuna mani tun farko an sa ta ne don wanda bai tambaya ba. Hular kwano na ce mu ba ma so za mu saya a kasuwa, ya ce haba ai ba a yi haka ba, a ba yaro gyara. Man inji na tambayi wane iri ne, anka nuno galan, na san kuɗin lita a kasuwa, munka tsaya a dubu 7 har da fetur ɗin da zai kai mu gidan mai.

La'ada ce ta ɗauki lokaci. Ni a sanina, kuma haka na taso na gani ko a kasuwar dabbobi, wanda ya sa dillali aiki shi ke sallamarsa, in kuma za a raba to tun farko ake faɗi. Mu ba mu aike shi ba, shi ya tare yaro a tasha, kuma ko makaho ya san yana da nasa kason wurin Alhaji kan kowane mai saye da ya kawo, wato so yake ya ci gaba ya ci baya. Ya tashi yana ta rantse-rantse wai tun asuba yake tsaye, mi na yi maku da za ku hana ni haƙƙina, mutane sunka fara taruwa. Alhaji ya daka masa tsawa ya ce tsakanina da kai ne wannan. Ni kuma don kada a rabu da baƙin rai na ba shi dubu 5 na goro daga baya, ya karɓa yana ƙunƙuni amma ya karɓa. Har yanzu ƙanena na ganin ko wannan bai kamata a ba shi ba, ni kuma ina ganin mutumin da ke yawo a tasha kullum, kai kuma za ka riƙa shigowa garin da sabon mashin, dubu 5 ba ta yi yawa ba.

Sai lamba. Na ce a cire gaba ɗaya za mu je ofishin tara haraji na jiha da kanmu. Akawun ya ce za ku sha wahala fa, na ce mun saba. Ba wai duk dilan da ya ce zai yi maka lamba macuci ba ne, wasu suna yi tsakani da Allah su ɗora kuɗin wahalarsu, amma dubu 60 dunƙule ba tare da an ce ga na lamba ga na inshora ga na lasisi ba, ba zan biya ba. Inshorar da doka ta wajabta wa mashin, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, naira dubu 3 ce a shekara tun Janairun 2023, ita kanta farantin lambar mashin a lokacin kuɗinta na hukuma dubu 5 ne, sai a watan Yunin 2025 anka mayar da ita dubu 12. To ina sauran ke tafiya.

Yanzu ga inda ni na yi wauta, kuma ba zan ɓoye ba. Kuɗin haɗi dubu 25, da na ga ina ta samun nasara sai kaina ya yi zafi, na matsa na matsa har Alhaji ya ce to kawo goma. Ban tsaya na yi tunanin cewa wannan kuɗin ba aljihunsa yake shiga duka ba, yaran nan biyu da ke tsugune cikin rana da sifana su ne ke cin abinci da shi, kuma suna jin duk abin da ake faɗa. Ina kallo fuskarsu ta canza. Aikin da sunka fara a natse sai sunka koma yi da sauri kamar ana korarsu, ni kuma maimakon in tsaya a kansu ko in ce masu ku yi a hankali akwai na shan ruwa, sai na tafi wurin akawu ina tura kuɗi ina jin kaina gwani.

Na tura 1,167,000 kai tsaye asusun shagon, ban bi ta POS ba don kada a sake cirar wani caji. Anka rubuto rasit, kuma nan ma sai da anka yi gyara biyu. Na farko akawun ya rubuta sunana ne don sunana ya gani a alat, na ce a'a mai mashin ga shi nan, a rubuta sunansa yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa harafi da harafi. Na biyu ya fi haɗari. Na ɗauki rasit na tsuguna gaban mashin na duba lambar shasi da ke buge a wuyansa ƙarƙashin kan, haruffa da lambobi 17, na duba lambar inji a jikin injin daga ƙasa, sai na ga ƙarshen na rasit bai yi daidai ba, ashe na wani baƙin da ke jere a waje ya kwafa. Ban ce da gangan ba ne, na fi zaton ganganci ne irin na mai sauri, amma ku yi tunanin yaron ƙauye da sabon Boxer a shingen jami'an tsaro da takardar da ba ta dace da mashin ba, a yankin nan namu da kowa ya san da irin abin hawan da 'yan bindiga ke yawo, har ta kai a Zamfara a 2021 gwamnati ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Wa zai tsaya ya saurari bayanin cewa akawu ne ya yi kuskure. Ko sace shi anka yi Allah ya kiyaye, da wace takarda za ka je wurin 'yan sanda. Anka yaga anka rubuta sabo, na sa Alhaji ya buga hatimi ya sa hannu, na ɗauki hoton rasit da lambobin biyu na tura wa kaina a WhatsApp.

La'asar ta yi kafin mu bar shagon. Na ce masa sabon inji ba a matsa masa, ka tafi a hankali kada ka ɗauki kaya mai nauyi, in ka yi wajen kilomita 500 ka juye mai. Ya ce to Yaya, ya hau yana murmushi har kunne.

Bai yi rabin hanya ba ya kira ni. Wai yana jin wani ƙara a baya kuma mashin na rawa in ya taka birki. Na ce ka tsaya inda kake kada ka ƙara ko taku ɗaya a kai. Ya tura shi zuwa wani ƙauye a bakin titi inda Allah ya sa akwai bakanike, mutumin ya duba ya ce wa ya haɗa maka wannan, notin tayar baya ba a ɗaure shi ya kama ba, sarƙa ta saki tana dukan murfinta, notin ƙafar birki ɗaya ma ya faɗi a hanya. Ya bi mashin ɗin tun daga gaba har baya ya ɗaɗɗaure komai, ya daidaita sarƙa, ya sa sabon noti, ya karɓi dubu 6 da ɗari 5. Ba laifin mashin ba ne, lafiyarsa ƙalau, hannun da ya haɗa ne, hannun kuma ni na ɓata masa rai. Daren nan ban yi barcin kirki ba ina ta tunanin da a guje yake fa.

Washegari na koma shagon, ba don faɗa ba. Na gaya wa Alhaji abin da ya faru, ya kira yaran ya yi masu faɗa sosai, sannan ya juyo ya ce mani kai ma Malam ka matse su da yawa jiya. Ban musa ba.

Maganar lamba ta ɗauke mu zuwa biyu. An nemi rasit, katin ɗan ƙasa da hotuna, anka duba lambar shasi da ta inji a jikin mashin, kun ga amfanin gyaran rasit ɗin da munka yi a shago. Tunda haya zai yi mai jan rubutu anka yi masa, ta masu hawan kansu shuɗin rubutu gare ta, kuma gara mutum ya faɗi gaskiya tun a nan da ya je yana ɗaukar fasinja da lambar gida. Duka da inshora da sauran takardu mun biya 27,500, kowanne da rasit ɗinsa. Lasisin tuƙin mashin daban ne, aji A, wannan ya yi shi daga baya da kuɗin kabu-kabunsa.

Da na zauna na tara, shago 1,167,000, dillali 5,000, bakanike 6,500, lamba da takardu 27,500, ya kama 1,206,000. In an gwada da takardar da anka fara miƙo mana mun tsira da dubu 79, kuma na tabbata da shi kaɗai ya je da ya biya ta duka har da godiya. Amma in an gwada da shagon farko da na kira a waya, wanda ya faɗi komai dunƙule tun farko, 1,180,000 a haɗa da 27,500 ya zama 1,207,500. Wato wunin nan guda, da gardama da dillali, da zufa, da tayar da ta kusa fita a kan titin Argungu, duk a kan naira dubu 1 da ɗari 5 munka yi shi. Da na gaya wa Inna sai ta ce ko kuɗin motarsa na zuwa bai kai ba.

Sauran kuɗin ya yi rajistar ƙungiya, ya sayi kwaɗo da sarƙar ɗaurewa, ya cika tanki, ya mayar wa Inna wani abu daga cikin adashenta. Mashin na nan yana aiki, an juye mai ban san sau nawa ba yanzu, kujerar har ta fara tsagewa don ɗaukar buhu. Hular kwanon da Alhaji ya ba shi gyara kuwa na gan ta da na je gida da sallah, tana rataye a ƙusa a ɗakinsa da ledarta ba a ko cire ba, na yi masa faɗa ya ce zafi take sa shi.